Kyamara A Kan Rufi: Ta Kalli Hadari, Kada Ta Leƙa Gidan Maƙwabci

Tun da wasu 'yan'uwa suka sami labarin cewa na kafa kyamara a kan rufin gidanmu a Nima, wadda ke ɗaukar hoton sararin samaniya tana aikawa shafina na intanet, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wani ya ce wace manhaja nake aiki da ita, wani ya ce nawa take ci, wani kuwa cewa ya yi shin aikin yi ne na rasa. Shi ya sa na ga ya kyautu in yi bayani sau ɗaya a wannan fili, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Bari in fara da dalili. Duk wanda yake zaune a nan Ankara bai manta da daren 3 ga watan Yuni na shekarar 2015 ba, lokacin da ruwa ya cika gari, wuta kuma ta tashi a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Babbar kwatar da ta ratsa Nima a kogin Odaw take zubewa, shi kuma Odaw daga tuddan Akwapim yake gangarowa har ya faɗa tafkin Korle. Ke nan mu mutanen zango a kan hanyar ruwa muke zaune. Mai shago a Makola da ya baro yara a gida, da mai tuƙa tasi, da matar da ta shanya kaya ta tafi unguwa, kowannensu yana da bukatar ya san halin da sama take ciki a kan gidansa. Iyayenmu sukan fita su dubi gabas su ce hadari ya haɗu, kuma suna da gaskiya, domin manyan hadura masu iska da tsawa a wannan yanki namu na Afirka ta Yamma daga gabas suke tasowa su nufi yamma. Yanzu kuwa benaye sun tare gabas ɗin, kuma yawancinmu muna wuni nesa da gida. Kyamarar nan ba komai ba ce illa wancan duban gabas na iyayenmu, aka ɗora shi a kan rufi.

Abin ma ba sabo ba ne. Kyamarar farko irin wannan a Jami'ar Kambirij ta Ingila aka kafa ta a shekarar 1991, kuma ba don wani babban al'amari ba, sai don ma'aikata su ga ko akwai sauran kofi a tukunya kafin su taso daga ofis. A 1993 aka haɗa ta da intanet, aka kashe ta a 2001. Idan masu ilmi sun yi haka saboda kofi, ai mu da muke gudun ambaliya mun fi su hujja.

To, ita kyamara ido ce kawai. Manhaja ita ce ke gaya mata yaushe za ta ɗauki hoto, me za ta rubuta a kai, ina za ta aika. Da na zo zaɓe, sai na ajiye maganar wadda ta fi kyan gani, na auna su da sharuɗɗa huɗu waɗanda zamanmu na zango ya ɗora mini.

Sharaɗi na farko shi ne data, domin da guminmu muke sayenta. Ga lissafin. Bidiyo mai tafiya kai tsaye, ko da marar nauyi ne mai cin megabit 1 a daƙiƙa, zai cinye megabait 450 a awa guda, wato fiye da gigabait 10 a kwana ɗaya. Amma hoto guda mai nauyin kilobait 200, idan ana ɗaukarsa duk bayan minti 5, hotuna 288 ke nan a kwana, kimanin megabait 58, a wata kuwa gigabait 1.7. Idan ka tsayar da aikin daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, ko gigabait 1 ba za ka ci ba a wata. Gajimare ba mota ba ne, ba ya bukatar bidiyo. Saboda haka duk manhajar da ba ta iya ɗaukar hoto ɗai-ɗai bisa ƙayyadadden lokaci, ta kuma aika shi da kanta ta hanyar da ake kira FTP ko makamanciyarta, na ajiye ta gefe.

Sharaɗi na biyu shi ne wuta. Wanda ya ga shekarun dumsor ba sai an yi masa dogon bayani ba, kuma sau da yawa daidai lokacin da hadari ya taso ake ɗauke wutar, wato lokacin da aka fi bukatar hoton. Don haka dole ne manhajar ta zama mai tashi da kanta idan wuta ta dawo, ba sai wani ya zo ya latsa mata komai ba.

Sharaɗi na uku shi ne agogo. Wannan shi ne wanda mutane suka fi rainawa, alhali kuwa a wurina ya fi kyan hoton muhimmanci. A ce kyamara ta tsaya da ƙarfe 10 na safe ana rana tarwai, hoton nan ya ci gaba da zama a shafi, ɗan'uwanka ya duba da la'asar daga kasuwa ya ga sama fes ya ci gaba da cinikinsa, alhali ruwa ya riga ya shiga ɗaki. Ka ga hoton ya yi masa ƙarya, kuma kai ne ka ɗora shi. Saboda haka wajibi ne kwanan wata da lokaci su fito a jikin hoton kansa da manyan baƙaƙe. Ni har na ƙara da rubuta cewa lokacin Ghana ne, saboda 'yan'uwanmu da ke Amurka da Jamus su ma suna leƙawa su ga garin da suka baro.

Sharaɗi na huɗu shi ne maƙwabta, kuma zan dawo kansa, domin shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Manhajoji uku na auna. Akwai Yawcam, wadda kyauta ce, tana aiki a kan Windows, tana iya aika hoto ta FTP, tana rubuta lokaci a jikinsa, kuma ana iya tsara mata sa'o'in aiki. Wanda yake da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ƙaramar kyamara mai wayar USB, da ita nake ba shi shawara ya fara, domin a yini guda zai gama, batirin kwamfutar kuma zai ɗan riƙe masa idan an ɗauke wuta. Sai dai ya sani wayar USB ba ta son ta wuce tsawon mita 5, don haka kyamarar ba za ta yi nisa da ɗaki ba. Akwai kuma Blue Iris, ita ta kuɗi ce, an gina ta ne don masu gadin kamfani ko babban gida da kyamarori da yawa. Tana da ƙarfi ƙwarai, amma ga mai kallon gajimare kamar sayen babbar mota ne don ɗaukar buhu guda. Ta uku ita ce Motion, kyauta ce ita ma, tana aiki a kan Linux, kuma a kanta na tsaya. Na ɗora ta a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a 2012, girmanta bai fi tafin hannu ba, wutar da take ci kuwa ba ta kai ta ƙaramin ƙwan lantarki ba, kuma da an dawo da wuta take tashi da kanta. Wahalarta ita ce sai ka zauna ka rubuta mata umarni layi-layi, amma da ka gama, ka huta.

Abu biyu mai bin wannan hanya zai kiyaye. Tsofaffin samfuran Raspberry Pi ba su da agogo mai batir a ciki, daga intanet suke karɓar lokaci, saboda haka bayan ɗauke wuta suna iya buga lokacin da ba daidai ba har sai sun sami layi. Maganinsa shi ne a saya mata ɗan agogo mai batir, ko a hana ta aika hoto sai ta daidaita lokacinta. Na biyu, yawan mutuwar wuta farat ɗaya yana lalata katin ajiyarta, don haka ɗan batirin ko-ta-kwana ba almubazzaranci ba ne.

Wajen kafawa, gabas na fuskantar da ita tun da daga can hadari yake zuwa. Ranar safe takan haske mata ido na awa ɗaya ko biyu, na yi mata 'yar rumfa da guntun kwano, na haƙura da sauran. Na kuma bar hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021, su fito a ƙasan hoton, kuma da gangan na yi haka. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta sauko mana, da hasumiyoyin nan nake auna kaurin hazo. Ran da suka dushe, mai ciwon asma ya san ranar rufe hanci ce. Gilashin kyamarar kuma yana son shafa a kai a kai, da rani saboda ƙura, da damina saboda ɗigon ruwa, ga kuma iskar teku mai sa ƙarfe tsatsa.

Yanzu ga batun maƙwabta. Zamanmu na zango kowa ya san shi, gida manne da gida, makewayi da yawa ba rufi, mata suna aikinsu a tsakar gida ba mayafi domin sun san suna cikin sutura. Wanda ya hau rufi gyaran kwano ma sai ya yi sallama ya ce a kimtsa. To, ina ga idon da zai zauna a can dare da rana, kuma abin da ya gani ya tafi duniya? Addininmu ya hana bin diddigin sirrin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurat, ya kuma yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur. Ita ma ƙasa tana da dokar kare bayanan mutane ta shekarar 2012. Amma ko ba doka, ai kunya ta isa.

Saboda haka kafin in ɗaure kyamarar, sai da na bi gidajen da ke gabas da mu ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ke jikin katangarmu ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, na ji bayaninka, amma ni ba na sayen abin da ban gani ba. Kawo mini hoton in duba." Na ce, "To Baba, in Allah Ya so gobe zan kawo." Da na kai masa a waya, sai ya kira Hajiya ita ma ta duba, suka ga babu komai sai sama da kan hasumiya, sa'an nan ya sa albarka. Tun daga ran nan shi ne kan gaba wajen aiko jikansa ya tambaye ni ko za a yi ruwa.

A nan ne zaɓen manhaja ya zama batun amana. Motion tana da hanyar da za ka shafe wani sashe na hoto da baƙi tun kafin a ajiye shi, yadda ko ni mai kyamarar ba zan ga abin da ke wurin ba. A Yawcam ma ana iya ɗora baƙin zane a kan sashen da ba a so. Na ɗaga bakin kyamarar sama, na rufe duk abin da ke ƙasa da layin rufi, na kuma tabbata ba ta ɗaukar sauti. Na kashe mata aikin nan na ɗaukar hoto idan ta ga motsi, domin wannan aikin mai gadi ne, ni kuwa ba gadin kowa nake yi ba. Wanda kuma ya sayi kyamara mai shiga intanet da kanta, to ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani tun ranar farko. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban na'urori, ciki har da kyamarori, ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin da masu su ba su canza ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce kyamara ta riƙa tura hoto waje da kanta, ba a buɗe wa kowa ƙofar shigowa cikinta ba.

Wani hanzari kuma, kada mai karatu ya ɗauka kyamara tana duba ne. Abin da ke faruwa yanzu take nunawa, ba abin da zai faru gobe ba, da dare kuwa in ban da walƙiya ba ta ganin wani abin kirki. Hasashe aikin Hukumar Kula da Yanayi ta Ghana ne, kuma idan ta yi gargaɗi a rediyo, shi ne abin bi. Mai son ƙarawa yana iya haɗawa da ma'aunin ruwan sama, manhajoji irin su Cumulus MX da WeeWX za su riƙa rubuta masa adadin. Milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, sai mutum ya lissafa abin da rufinsa kaɗai ke zubarwa a kwata idan aka yi milimita 50, ya kuma tuna da sharar da muke zubawa a cikinta.

Ina kira ga matasanmu na Sabon Zango, da Madina, da Ashaiman, da 'yan'uwa na Kumasi da Tamale, waɗanda Allah Ya ba su sanin kwamfuta, su gwada wannan aiki. Kuɗinsa ba yawa, amfaninsa kuwa na unguwa ne baki ɗaya. Sai dai kowa ya fara da sallama a ƙofar maƙwabcinsa kafin ya jingina tsani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da gobara, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai wani watan idan Allah Ya kai mu. Wassalam.