Gajiyar Umma

A gidanmu ba a kiran abin da sunansa. Sai dai a ce "Umma tana fashin salla", kowa ya kama bakinsa. To amma fashin da ya saba kwana biyar sai ya koma goma sha biyu. Wani lokacin ya ɗauke wata biyu cur, sannan ya dawo kamar an fasa tulu. Shekarunta 47, kuma da kaskon awararta ake biyan kuɗin rajistata tun ina ajin farko.

Gajiyar ce ta fara fitowa fili. Matar da ke tashi kafin asuba ta markaɗo waken suya, sai ga ta tana haki daga ɗaki zuwa madafi. In ta miƙe sai jiri. Tafin hannunta ya yi fari fat, ga wani kwaɗayin tauna ƙanƙara ko da sanyi ake. Baba ya ce girma ne ya zo. Maƙwabciyarmu ta ce a nemi tsari, bakin mutane ne. Mai kyamis kuwa sau uku yana ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ba awo ba komai.

A Islamiyya an ba ta amsa tsaf: haila ba ta wuce kwana 15 a mazhabar Malikiyya, abin da ya haura jinin cuta ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla. Hankalinta ya kwanta ta fuskar ibada. Ni dai kalmar "cuta" ɗin ce ta tsaya mini a rai. Tunda har malamai sun kira shi cuta, ai likita ya kamata ya gani.

Da na zo hutu na lallaɓa ta muka je asibiti, tana ta mitar asarar cinikin rana guda. Likitar ta jero tambayoyi: ya wuce kwana bakwai? Kina canza auduga duk awa ɗaya ko biyu? Yana fita guda-guda? Umma ta sunkuyar da kai, ni ce na riƙa amsawa. Awon jini ya nuna 24, alhali na mace lafiyayya yakan kai 36 ko sama da haka.

Bayanin da ta yi mana bai ɗauki minti biyar ba. Yawancin mata al'adarsu kan tsaya ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma kafin nan akwai 'yan shekarun rikicewa. Ba kowane wata ƙwai ke fita ba, sai shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri, ranar da za ta zubo ta zubo da yawa. Jinin da ake asara yana tafiya da sinadarin ƙarfen da jiki ke gina sabon jini da shi, daga nan kasalar take. Har tauna ƙanƙarar ma alamar hakan ce. Sai mace ta cika wata 12 ba ta ga komai ba ake cewa ta tsaya, kuma duk jinin da ya ɓullo bayan nan ba a zama da shi a gida. Ta sa aka ɗauki hoton mahaifa don a duba ko akwai ƙari, wanda ya zama ruwan dare a matan baƙar fata. An samu ɗan ƙarami.

Yanzu wata uku ke nan tana shan ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rage zubar. An hana ta kora abinci da shayi, don yana hana jiki tsotsar sinadarin, sai dai lemon zaƙi. Hanta, wake da zogale sun yawaita a tukunya. Ƙanena ne ke zuwa markaɗe, yana ƙunƙuni.

Shekaranjiya ta kira ni ina tsakiyar rubutun furojet.

"Ke Hajara, ranar yaya likitar nan take zama? Gwaggonki Talatu ce, ita ma wata huɗu ke nan tana fama, ba ta faɗa wa kowa ba."

Na ce, "Laraba ce, Umma. Ku je da wuri, layin kati yana da tsawo."