Gene: Inda Ake Ɗaura Wa Motar Daji Kariya

Duk wanda ya taso daga Kandi ya nufi Malanbil, ba makawa sai ya ratsa ta Gene, wadda ake rubutawa Guéné a takardun hukuma. Gari ne a bakin babbar hanyar da ta taso tun daga Kwatano, ta bi ta Paraku da Kandi, ta dire bakin Kogin Kwara bayan tafiyar kilomita sama da 700. Daga Gene saura kusan kilomita 30 a shiga Malanbil. A nan kuma hanyar Karimama ta ɓalle ta yi nata waje. Matafiyi mai sauri ba ya ganin komai sai shanu da ƙura da manyan motoci, amma wanda ya sauka ya sha ruwa zai ji Dandanci da Fulatanci da Mokole da Zabarmanci da Hausa duk a rumfa guda. Kasuwar dabbobin garin kuwa sananniya ce a arewacin ƙasar nan.

Ni abin da ya zaunar da ni Gene kwana uku a hutun makaranta ba shanu ba ne. Wani ɗan'uwa ne, dillalin dabbobi, ya sayi tsohuwar Toyota Land Cruiser don zagayen rugage, inda yakan kwana biyu ko uku a daji da shi da yaransa. Cikin motar na mutane ne, don haka tanti da tabarmi da ruwa da tayar safaya dole su hau sama. Sai ya kai ta wurin mai walda a yi mata kariya, wato gadon ƙarfen nan da ake ɗaurawa bisa rufin mota, wanda da Faransanci ake kira porte-bagages. Na bi shi don kallo, na kuma samu abin kallon.

Kafin in shiga maganar ƙarfe, ya kamata mai karatu ya tuna cewa ɗaurin kaya a wannan yanki ya girmi mota nesa ba kusa ba. Fataken goro na ƙasar Hausa, masu zuwa Gwanja, sukan ƙetare kogi ta wajen Illo ko Gaya, su bi ta Kandi da Zugu har Salaga, da jakuna ɗaruruwa a bayan madugu. Da yawa daga cikinmu zaman kakanninmu a ƙasar nan daga wannan fatauci ya samo asali. Su kuwa sun san abu ɗaya da kyau: mangala sai ta daidaita hagu da dama, kuma mai nauyi ƙasa ake sa shi, mara nauyi a bisa. Jaki idan an yi masa ba daidai ba yakan tsaya ya ƙi tafiya. Mota ba ta da wannan wayo, tafiya take yi har sai ta kife.

Mai waldar da muka je wurinsa dattijo ne, rumfarsa ta kwano ce, da janareta a gefe don ranar da wuta ta ɗauke. Bai taɓa ƙarfe ba sai da ya zagaye motar sau biyu yana shafa bakin rufinta. Abin da yake dubawa shi ne indararon nan siriri da ya kewaye rufin tsofaffin motoci, inda ruwan sama ke bi. A kansa ƙafafun kariya ke zama. Idan tsatsa ta cinye shi, to aikin banza za a yi, sai an fara gyara shi tukuna. Tsakiyar rufin kuwa kwano ne kawai, yaro ma ya taka shi sai ya lotsa. Wannan ne ya sa kafinta ko maƙerin da bai san mota ba, idan ya huda rufi ya ɗaure da noti, damina ɗaya ta isa ta tona masa asiri.

Daga nan sai awo. Tsawo mita 2 da santimita 20, faɗi mita 1 da santimita 40. An sayo bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai faɗin milimita 25 da kaurin milimita 2, wanda ake sayarwa sanda-sanda, kowace mita 6. A ƙasa aka shimfiɗa aikin, ba a kan mota ba. Da aka yanka aka jera, sai na ga dattijon ya ɗauko igiya ya auna daga wannan kusurwa zuwa ta can a karkace, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren, ya yi ta bugun ƙarfen da guduma har awon biyu suka zo daidai. Jama'a, wannan shi ne darasin da nake shan wahalar koya wa yara a allo, cewa murabba'i na gaskiya layukansa biyu na karkace daidai suke. Shi bai taɓa zama a aji ba. Na gaya masa haka, ya yi dariya ya ce da ni Malam, in turo masa yaran ranar Asabar.

Ba ya walda gaba ɗaya tun farko. Ɗigo-ɗigo yake yi a kowace mahaɗa, a ɗaga a gwada bisa mota, a sauke, sannan a bi da cikakkiyar walda, ita ma ba a jere ba: ya yi wannan kusurwa, ya tsallaka waccan, don kada zafi ya taru wuri guda ƙarfen ya murɗe. Ya sa sanduna bakwai a gicciye su zama daɓe, ya kewaye da shinge mai tsayin taƙi ɗaya, ya manna ƙananan zobba a gefe inda igiya za ta bi. Ƙafafu huɗu a kowane gefe, takwas ke nan, kowace da farantinta mai faɗi da maƙala mai noti biyu, an kuma yanko tsohuwar robar cikin taya an shimfiɗa tsakanin ƙarfe da fentin mota. Mai mota ya so a yi ƙafa biyu-biyu don sauƙin kuɗi. Dattijon ya ƙi, ya ce indararo ba ya tsoron nauyi idan an raba masa shi, abin da ke yaga shi shi ne a tara masa wuri ɗaya.

Dalilin wannan taurin kai yana can bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Hanyar Karimama ta daɗe tana birji, hanyoyin ƙauyuka da rugage kuwa har yau jar ƙasa ce da yashi. Da rani ƙasar takan yi gargada, tudu-tudu a jere kamar kunyar gyaɗa, mota ta yi ta karkarwa awa da awa. Wannan karkarwa ita ce ajalin walda. Ƙarfe ba ya karyewa rana ɗaya. Tsaga ce ke farawa siririya kamar gashi a gefen mahaɗa, tana ci a hankali, har ranar da za a faɗa rami ƙafar ta ɓalle. Saboda haka yake sa ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a gindin kowace ƙafa, yake kuma gargaɗin direba ya riƙa bin notuna da sifana bayan kowace doguwar tafiya.

To, sai mu zo kan lissafi, wanda a ganina nan ne rai yake. Irin wannan bututu, mita ɗaya tana da nauyin kusan kilo 1 da rabi. Kariyarmu ta ci kimanin mita 26, ga ƙafafu da faranti, ta haura kilo 40 tun ba a ɗora mata ko allura ba. Masu ƙera motoci sukan rubuta iyakar abin da rufi zai ɗauka cikin tafiya. Ga yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 75 ne da 100, har da nauyin ita kanta kariyar. Manyan motocin daji sun fi haka. A ce ma an ba mu kilo 150. Cire 40 na ƙarfe. Tayar safaya da ƙarfenta kusan 30. Jarka biyu ta ruwa mai lita 20, kilo 40. Saura 40 kacal na tanti da tabarmi da katifa da tukwane. Wanda ya ƙara buhun masara a kan wannan, ya riga ya wuce gona da iri.

Matsalar kuma ba ta tsaya ga rufi zai lotsa ko ba zai lotsa ba. Mota tana da wurin da nauyinta ya tattaru, kuma motar daji da ma doguwa ce. Duk kilo ɗaya da aka hau da shi sama yana ɗaga wannan wuri. Sai a zo kwana, ko a kauce wa saniya, ko taya ɗaya ta hau gefen kwazazzabo, sai ka ji motar tana rangaji kamar kwalekwale. Ruwa ya fi komai sharri, don idan jarka ba ta cika ba, juyawa yake yi ya bi gefen da motar ta karkata. Shawarar dattijon ita ce ruwa da mai su zauna cikin mota a ƙasa, bayan kujera, sama kuwa a bar wa abin da ke da girma amma ba nauyi. Da ya faɗi haka sai na tuna da mangalar fatake.

Amma ka tsaya bakin hanya ranar kasuwa ka ga yadda ake yi. Fijo 504 da 505, waɗanda wasunsu a Kaduna aka harhaɗa su, inda aka fara haɗa Fijo tun 1975, suna tafe da buhunan albasa da shinkafa tsayin mutum a bisa, da awaki a ɗaure, da karen mota zaune can ƙoli yana riƙe da igiya. Ba na ganin laifin direba shi kaɗai. Mai ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023, fasinja ba ya son a ƙara kuɗi, ga na shingaye. Amma wanda ke ƙoli ɗan wani ne, sau da yawa ma ɗalibinmu ne da ya bar aji. Haka yaran rumfar walda: na ga biyu suna aiki da baƙin tabarau na kasuwa maimakon gilashin walda, da dare kuwa idanu kamar an zuba barkono. Iyaye masu kai yara koyon sana'a, ku sayi gilashin nan ku haɗa musu, bai kai kuɗin ɗinkin Salla ba.

Dattijon ya ce fasalin ƙafafu da maƙala a wurin Turawa ya gani. A shekarun 1980 sukan ratso Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sauko Yamai, su ƙetare gadar Gaya, da Land Rover da Fijo ɗauke da jarkoki da tanti, wasu su sayar da motar a Kwatano ko Lome su koma a jirgi. Tawayen arewacin Nijar daga 1990 da rikicin Aljeriya daga 1992 suka yanke wannan hanya. Daga baya aka samu masu zuwa kallon giwaye a Alfakwara, kan hanyar Kandi, da masu shiga gandun dajin W, wanda ya samu sunansa daga lanƙwasar kogi, aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1954. A 2017 hukumar UNESCO ta sa ɓangarenmu cikin wuraren gado na duniya tare da Panjari da Arli. Murna ba ta daɗe ba. A Fabrairun 2022 aka kashe masu gadin daji a cikin W, a Janairu da Afrilun 2025 kuma sojoji da dama suka rasa rayukansu a can. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Baƙin yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa. Rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya ƙara wa barkono gishiri, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya makonni, kaya suka koma bin kwalekwale.

Don haka masu kawo aiki rumfar yanzu su ne dillalan shanu, da direbobin kasuwa, da masu babur mai ƙafa uku. Su ma masu kwana daji sun rage nisa. Ɗan'uwan nawa ya ce akwai rugagen da sai dai a aika a kira mai shanu ya fito bakin hanya.

Rana ta uku aka goge walda, aka toshe bakin kowane bututu don kada ruwa ya kwanta ciki, aka shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe, aka bi da baƙi. Mutum huɗu suka ɗaga ta bisa mota. Dattijon ya ɗaure notuna da kansa, ya kama shingen da hannu biyu ya girgiza, motar duka ta motsa amma kariyar ba ta yi ko ƙara ba. Ya ce wa mai mota, Alhaji, ya je Karimama ya dawo, ya kawo ta a sake ɗaurewa kafin a yi maganar cikon kuɗi.