Daga Tawa zuwa Tagidda: abin da lakar Irazar ke koya wa mai kat-kat

Matafiyin da ya bar Tawa da asuba ya nufi arewa, kafin rana ta ɗaga sosai ya wuce tabkin Tabalak, inda masunta ke shanya taru. Daga nan gonakin hatsi suna raguwa sannu a hankali, har ya iso Abalak, kimanin kilomita 135 daga Tawa. Gaba da nan ƙasar makiyaya ce, wadda dokar shekara ta 1961 ta keɓe wa kiwo da ta shata iyakar noma. Hanyar ita ce wadda aka shimfiɗa daga ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar uraniyom daga Arlit. Kwaltar ta tsufa, amma ita ce dai igiyar da ta ɗaure Adar da Abzin.

Kafin a kai Agadas wata hanya ta rabu ta yi hagu, ta nufi Ingal, garin dabino da gidajen ƙasa, mai tazarar kimanin kilomita 160 yamma da Agadas. A nan kwalta ta ƙare. Duk shekara wajen watan Satumba, Abzinawa da Fulani Woɗaaɓe suna kawo raƙuma da shanu su sha ruwan gishiri, su ci ciyawar wurin, abin da ake kira Cure salée da Faransanci. Bayan makiyaya sai ƴan kasuwa da kayan shayi, sukari da atamfa, sai ma'aikatan kiwo da na lafiya da akwatunan allura. Dukansu a kat-kat suke zuwa, kuma dukansu da Irazar suke gamuwa.

Irazar fili ne shimfiɗaɗɗe arewa da dutsen Tigidit, ba tudu ba kwari, ƙasarsa jan yumɓu. A cikin duwatsun yankin ne masanin Amurka Paul Sereno da mutanensa suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar zamanin da a shekara ta 1997, aka sa mata suna Jobaria a 1999. Da rani filin yana da tauri kamar daɓe, mota na gudu a kansa yadda take so. Da damana kuwa, ko sama ba ta zubar da ɗigo ɗaya a wurin ba, ruwan da ya sauka a duwatsun Abzin yana biyo ƙoramu ya malale filin. Sai yumɓun ya jiƙa ya zama kamar tuwon da aka tuƙa. Mai zuwa Tagidda-n-Tesum, garin da ake haƙo gishiri a ramuka, kimanin kilomita 80 arewa da Ingal, dole ya ratsa ta cikinsa.

A wannan fili ne wani abu da mai mota bai cika kallo ba yake nuna darajarsa, wato rufin cikin gardabu, farantin nan da ke kewaye da ƙafar mota daga sama. Aikinsa shi ne tare tsakuwa, ruwa da laka kada su faɗa wa wayoyin wuta, dinamo, batir da bayan fitila. A wasu motocin ma daga cikin gardabu injin ke shaƙar iska, saboda haka in rufin ya ɓalle, ƙura da ruwa sun sami ƙofa. Amma yumɓun Irazar ba ya faɗuwa kamar sauran laka. Yana mannewa, wani kan wani, har ya cike tsakanin taya da rufi. Direba zai ji sitiyari ya yi nauyi, injin yana kuka, mota ba ta ci gaba. Sai a tsaya, aparanti ya shiga ƙarƙashi da ƙarfen taya yana ƙwaƙula. Wanda ke iya cire rufinsa da kile ɗaya ya gama ya kama hanya. Wanda aka yi wa walda kuwa, nan rana za ta faɗi a kansa, ƙanƙarar akwatin allura tana narkewa, ko kasuwa ta watse bai sauke kaya ba.

Ɓarnar da ta fi wannan ita ce wadda ba a gani. Laka tana shiga bayan rufi ta kwanta jikin karosari, kuma lakar wannan yanki da gishiri a cikinta. Gishiri yana jawo laima, laima tana kawo tsatsa. Mai mota ya koma Tawa ko Maraɗi, an wanke masa ita tana walƙiya, alhali tsatsa na cin ta daga ciki. Ranar da fenti ya kumbura a bakin gardabu, ƙarfen ya riga ya huje. Sa'annan in damana ta wuce, karangiya da busasshiyar ciyawa suna taruwa a waɗannan saƙo-saƙo. Wadda ta kusanci bututun hayaƙi tana iya kamawa, kuma makiyayi ya san abin da gobarar daji ke yi wa abincin dabbobinsa na shekara guda.

A garajojin Tawa da Agadas iri huɗu ake gani. Na farko shi ne na roba mai tauri wanda Hilux ke zuwa da shi daga kamfani. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, amma ƙananan maɓallan roba ne ke riƙe da shi, zafin rana yana busar da su, da an ɓamɓare su sai su karye. Mai irin wannan ya ajiye tafi guda na maɓallan a cikin mota. Na biyu shi ne tol na baƙin ƙarfe da mai walda ke lanƙwasawa. Yana da ƙarfi da araha, sai dai in an like shi da walda ko an buga masa ribe, ya zama gidan tsatsa. Araha ba ta ado. Na uku alminiyom ne: ba nauyi, amma gargadar hanya tana tsaga shi a bakin ramukan bulo, kuma in ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin ruwan gishiri, shi ne ke cinyewa, sai in an sa rondel na roba tsakaninsu. Na huɗu shi ne kawucu mai kauri da ake yankowa daga tsohon tib na kamyo. Ba ya tsagewa, ba ya ƙara, amma in ba a ɗaure shi da kyau ba taya na kama shi ta yage.

Ko wane iri aka ɗauka, hanyar ɗaura shi ita ce magana. Bulo duka su zama girma ɗaya. A motocin Toyota kile mai lamba 10 ne ke kwance yawancin ƙananan bulo, don haka shi ya kamata a bi. Ekuru ya zama an kafe shi a jikin mota, domin mutum ɗaya ya iya kwancewa ba tare da wani ya riƙe masa ta baya ba. A shafa musu giris tun ranar ɗaurawa. Rufin da aka raba gida biyu ya fi, domin ana zare shi in an karya sitiyari, ba sai an ɗaga mota an cire taya ba, kuma a cikin taɓo jak ba ya samun wurin tsayawa. A bar ƴan ramuka ta baya inda zafin injin zai fita, gama mota mai tafiya a hankali cikin laka ko rairayi tana saurin ɗaukar zafi. Wanda ya sa taya mafi girma, ya loda mota da kayanta, ya karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ya duba ko tana gogar rufi.

Akwai gwaji guda da tsofaffin direbobi ke yi kafin su biya. Sukan miƙa wa aparanti kile, su koma gindin itace su ɗora shayi. In yaron ya zo ya ce, "Maigida, ga shi na cire," kafin a sha kofi na farko, aikin ya yi. In har an kai na uku yana kwance yana neman guduma, sai a mai da mota wurin mai garaji.

Da yamma a Tagidda, ramukan gishiri suna ɗaukar launin rana, wani ja, wani ɗorawa, mata suna kwasar gishiri, raƙuma na jiran kaya. Motocin da suka iso suna jere a bakin gari, ja wur da laka har saman gilashi. Direban da ya san hanya ba ya wanke tasa da ruwan wurin, don ruwan ma gishiri ne. Sai ya dawo Ingal ko Agadas, ya kwance rufin, ya wanke ciki da ruwan daɗi, ya bar shi ya bushe kafin ya mayar. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.