Waɗanda suka tsira saboda kasuwa ta watse

Jama'a, taurarin nan da ke cika sararin Damargu idan dare ya raba a dajin Tarka, har da Kaza da 'ya'yanta, da ƙasar da muke takawa, da mu kanmu, duka ba mu wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke cikin halitta ba. Awon da tauraron ɗan Adam na Planck ya fitar a 2013 ke nan. Wajen kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne, ba ya haske, ba ya tare haske, sai jan da yake yi wa taurari ke tona shi. Fritz Zwicky ya lura da alamarsa a 1933, Vera Rubin ta ƙarfafa hujjar a shekarun 1970.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce: me ya sa 27?

Masana na cewa shekara biliyan 13.8 da suka wuce komai a cunkushe yake, cikin zafin da ba ya misaltuwa. A wani hasashe, ƙwayoyin wannan ɓoyayyen abu in suka haɗu biyu-biyu sai su hallaka juna, zafin kuma ya haifi sababbi. Da sarari ya buɗe, zafi ya sauka, haihuwa ta tsaya, hallakar ta ci gaba. Sai dai buɗewar ta fi su sauri. Kamar ranar kasuwa ce: da hantsi ko'ina ka juya ka yi karo da mutum, amma in ta watse kowa ya kama hanyar ƙauyensu, wanda ba ka gamu da shi ba sai haƙuri. Ƙwayoyin da suka rasa abokin karo su ne suka rage har yau. Abin sha'awa, masu saurin hallaka juna su ne ragowarsu ke zama kaɗan. Benjamin Lee da Steven Weinberg na cikin waɗanda suka buga irin wannan lissafi a 1977.

In aka ɗauka ƙwayar ta ninka furoton nauyi kamar sau 100, lissafin kan faɗo kusa da abin da aka auna. Daɗin wannan dacewa ya sa aka girke na'urori a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, da cikin tsohon ramin zinariya a Dakota ta Kudu a Amurka, ana dakon ƙwaya ɗaya ta bugi ruwan sinadarin zinon da ke cikin na'urorin. Shiru kake ji.

A ganina an yi saurin sakankancewa da kyawun lissafin. Yanzu masu bincike da dama sun karkata ga wata ƙwaya marar nauyi ƙwarai, aksiyon, wadda yawanta ya samo asali ta wata hanya dabam.