Abin da Ya Fito Daga Rami

A makon jiya na sake kallon The Web of Fear, wani labari daga shirin Doctor Who da BBC ta nuna a 1968. Wata halitta ce daga wata duniyar ta mamaye Landan, tana yaɗa yana mai kisa ta ramukan jirgin ƙasa da ke ƙarƙashin birnin. Yawancin faya-fayan labarin sun ɓace shekara da shekaru, sai a 2013 aka sanar da gano su a ma'ajiyar wani gidan talabijin a Jos.

Ina yaro a Gummi, irin waɗannan shirye-shiryen suka sa na ɗauka cewa daga sama halaka ke saukowa. Shekarar 2010 ta gyara mini tunani. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, magidanta ne suka haƙo duwatsun zinariya, aka riƙa niƙa su a tsakar gida. Gubar dalma ta kashe yara kimanin 400.

Turawa sun karaɗe duniya har suka samo faya-fayansu. Ɗan ƙanwata yana cikin yaran nan, amma ko hotonsa ba mu da shi. Sunansa kaɗai ya rage, a bakin mahaifiyarsa.