A Kano Damagarawa, a Damagaram Kanawa

Da yawa daga cikinmu idan aka tambaye mu asalinmu, sai mu ambaci sunan wani gari da ba mu taɓa taka ƙafa a cikinsa ba. Mu ma a haka muka taso, mu huɗu 'ya'yan gida ɗaya a unguwar Fagge. A Kano aka haife mu, a Kano aka haifi mahaifinmu, amma maƙwabta ba su san gidanmu da wani suna ba sai gidan Damagarawa. Kakanmu ne ya baro Damagaram yana saurayi lokacin farin 1973, ya zo Kano neman abin da zai aika wa gida, ya kama sana'ar fata, ya yi aure, ya zauna.

Muddin yana raye, zumuncin gidajen biyu a wuyansa yake. Duk shekara bayan kaka sai ya ɗaure kaya ya tafi, ya dawo da kilishi da gero da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Da Allah Ya yi masa rasuwa sai tafiyar ta tsaya, aka koma gaisuwar waya ranar Sallah. Rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda aka sake yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, suka ƙara ba kowa uzuri. Ana nan sai saƙo ya zo daga ƙanwar kakanmu, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, cewa tana son ganin jikokin yayanta tun idonta yana gani. Baba bai yi shawara da kowa ba, ya ce da an yi hutun ƙarshen shekara za mu tafi gaba ɗaya.

Tafiyar ba ta da nisan da muke ji a baki. Daga Kano zuwa Damagaram bai wuce kilomita 250 ba, wato kusan nisan Kano da Kaduna. Mun bi ta Kazaure da Daura, muka isa Kwangwalam inda iyakar Najeriya ta ƙare, muka tsallaka Ɗan Barto, aka duba takardunmu da katin rigakafi. Daga nan sai Matamai da Kance da Takeita. Gero iri ɗaya ne a gonakin hagu da dama na iyakar, rumbunan iri ɗaya, masu tallar fura ma da Hausa suke kiran ciniki. Abin da ya sauya shi ne kakin jami'ai, da allunan hanya da suka koma Faransanci. A nan Baba ya ba mu labarin cewa Ingila da Faransa ne suka shata wannan layi a yarjeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906, layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ba tare da sun tambayi masu gonakin da ya ratsa ba.

Gidan kakanninmu yana cikin Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take, inda lunguna suke da ƙunci kuma manyan duwatsu suke tsaye a tsakanin gidaje. Mun tarar da tsohuwar a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Baba ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, ga su na kawo miki.” Ta daɗe tana shafa kan kowannenmu ba ta ce komai ba. Da ta zo kan ƙaninmu, wanda aka sa wa sunan marigayin, sai ta riƙe hannunsa ta ƙi saki, ta ce, “Yaya, ashe za ka dawo?” Duk gidan aka yi tsit. Can kuma ta share ido ta dubi yayarmu ta ce, “Wannan kishiyar tawa ko ta iya tuƙa tuwo, ko sai taliyar Kano?” Aka fashe da dariya, aka kawo ruwa da fura.

Tun daren farko muka samu sabon suna. Mu da ake kira Damagarawa a Fagge, sai ga shi yaran gidan suna shelar cewa Kanawa sun zo. 'Ya'yan Gwaggo taubasan Baba ne, don haka ba su raga masa ba, jikokinta ma ba su raga mana ba. Suka ce ai tun zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, da Damagaram ta kai wa ƙasar Kano yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19, Bakano bai daina tsoron Badamagare ba. Muka ce to me ya sa har yau kuke zuwa Kantin Kwari sarin atamfa? Da wannan wasan muka saba da juna tun kafin mu riƙe sunayen juna.

Hausa ɗaya muke yi, amma kowa da abin da Baturensa ya bar masa a baki. Makarantar boko a wurinsu lakwal ce, malamin aji mushe, biro bik, littafin rubutu kaye. Ɗan acaɓa kabu-kabu ne, jami'an kwastan kuma duwan. Kuɗi ma da nasu lissafin: da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya tana daidai da sefa 5, saboda haka idan mai shago ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, idan ya ce jika guda kuma sefa 1,000. Sa'ar yayarmu a gidan tana shirin jarrabawar da suke kira bak, wadda ake yi bayan shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji da uku a lise. Dare ɗaya suka baje littattafan lissafi, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci. Ba wadda ta iya karanta bayanin littafin 'yar uwarta, amma da suka ga alƙaluman sai suka gane darasi ɗaya ne, suka warware shi tare da Hausa.

Samarin gidan sun zagaya da mu. Sun nuna mana fadar sarki da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ita, da gidajen unguwar Zango masu zane a fuska, da Kasuwar Dole. Daga bakinsu muka ji cewa garin, wanda taswira ke kira Zinder, shi ne babban birnin Nijar a ƙarƙashin Faransa daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da hedikwata Yamai. Da dare kuma sai fada, wato zaman shayin samari a ƙofar gida, inda ake dafa shayi a kan gawayi har zagaye uku ana hirar kokawa da ƙwallo. Mun kuma ga wahalar da suke sha a kan ruwa. Da asuba ake jera jarkoki, kuma ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba a zubarwa sai an ba dabbobi. Su ma sun yi ta tambayarmu labarin tsadar abinci a Kano da faɗuwar naira, domin duk abin da ya taɓa kasuwar Kano sai sun ji a tukunyarsu.

A rana ta huɗu Gwaggo ta sa aka tara manya, ta ce mu ma yara mu zauna. Ta ce akwai gona a bayan gari wadda ta faɗo a rabon kakanmu tun rasuwar mahaifinsu. Shekara da shekaru 'ya'yanta ne suke nomawa, kuma geron da kakanmu yake komawa da shi Kano daga cikinta yake fitowa. Tun da ya rasu ba wanda ya zo karɓa, ita kuwa ba ta son ta tafi da haƙƙin marayu a wuyanta. Gari ya matso kusa da gonar, masu saye sun fara zuwa, kuɗin da suke tayawa kuma ba kaɗan ba ne. Ta ce wa Baba ya zaɓa.

Mun san halin da gidanmu yake ciki. Yayarmu tana shirin shiga jami'a, ga kuɗin makarantar sauranmu, ga kasuwa ba daɗi. Baba ya nemi a ba shi kwana ɗaya. Ya kira ƙannensa biyu da suke da haƙƙi a gonar, suka daɗe suna magana a waya. Washegari ya ce sun yarda ba za a sayar ba. A rubuta a gaban shaidu cewa gonar ta magadan marigayi ce, 'ya'yan Gwaggo su ci gaba da noma suna ci, amma duk shekara a ware buhu ɗaya na gero. Sharaɗinsa guda ne: kada a ba direba ya kawo, dole wani daga gidanmu ya zo da ƙafarsa ya ɗauka. A hanyar dawowa mun yi masa lissafi cewa kuɗin motar zuwa da komowa ya fi kuɗin buhun. Ya ce ya sani, kakanmu ma ya sani.

Kwanakin da suka rage mun yi su ne a gaban Gwaggo da littafi da biro. Ta lissafa mana kakanni har hawa biyar, da wanda ya tafi Agadas, da wadda aka aurar a Mirya, da wani ƙanin mahaifinsu da ya tafi Makka a ƙasa ya zauna a Sudan. Wasu sunayen Baba ma bai taɓa jin su ba, 'ya'yanta kuma sun san rabi ne kawai. Mun cika shafi goma sha ɗaya, sa'o'inmu na gidan suka kwafe nasu. Muka karɓi lambobin juna, tasu mai alƙaluma takwas tamu mai goma sha ɗaya, muka buɗe zauren WhatsApp na jikoki zalla. Yanzu a can ake sanar da haihuwa da sakamakon jarrabawa, a can ake ci gaba da faɗan Kanawa da Damagarawa.

'Yan uwa ɗalibai, mun san ba mu kaɗai ba ne. A ajinku akwai mai dangi a Maraɗi ko Tawa, akwai wanda kakarsa ta fito daga Garwa ko Kumasi ko Anjamena. A yawancin gidajen nan mutum ɗaya ne tak, tsoho ko tsohuwa, ya san yadda aka haɗu, kuma ranar da ya rufe ido sai dangi su koma baƙin juna. Ba sai an jira kuɗin mota ba. A wannan hutun ku ɗauki littafi ku zauna gaban wanda ya fi kowa shekaru a gidanku, ku tambaye shi sunayen iyayensa da garinsu da waɗanda aka baro a can. Idan hali ya samu kuma ku matsa wa iyaye a je, domin Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mu dai an riga an yi rabon shekaru a gidanmu, bana babban wanmu ne zai je ɗaukar gero, baɗi kuma yayarmu. Allah Ya ƙara wa Gwaggo lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.