Wa Zai Yi Wa Gita Shaida a Kurfai?

A kasuwar dabbobi ta Filinge, ko ta Balleyara, babu wanda yake ɓoye cewa dillali yana cin la'ada. Kowa ya san da ita, an san mai biyanta, kuma a gaban mutane ake ƙirga ta. Duk da haka, talaka yakan ɗauki kuɗin waken da ya noma shekara guda ya sayi saniya bisa maganar dillalin nan. Dalili kuwa shi ne dillali ba ya ɓacewa. Idan saniyar ta fito ta sata ce, ko aka tarar da wani ciwo da aka ɓoye, wuyansa ake kamawa. An san zaurensa, an san surukansa, kuma ran kasuwa mai zuwa a inuwar da ya saba zama za a same shi. Maroƙi ma ba ya yaudarar kowa. In ya kira mutum giwa a wurin biki, mun san riga yake nema, shi ma ya san mun sani, saboda haka ba wanda zai ba mutumin nan bashi don an kira shi giwa.

Na kawo waɗannan mutane biyu ne domin in yi magana a kan wani baƙon da ya shigo aljihun ƴaƴanmu ta cikin salula. Shi ne mutumin da yake zama a gaban kyamara a YouTube, da gita a cinyarsa, yana gaya wa duniya wace gita ce mai kyau, wace ampili ce ta cancanci kuɗinta. Yana cin la'ada irin ta dillali, yana zuba yabo irin na maroƙi, amma rigar da ya sa ta mai shaida ce, wato wanda ya gani da idonsa kuma ba shi da komai a cikin cinikin.

Ni ba makaɗi ba ne. Abin da ya haɗa ni da wannan lamari shi ne Faransanci. Tun da aka ɗora mini kula da ƙungiyar al'adu ta makarantarmu, yara masu sha'awar gita suke kawo mini waya bayan an tashi, suna cewa: “Mushe, fassara mana abin da mutumin nan yake faɗi.” Da farko na ɗauke shi aikin kunne mai amfani, domin Faransancin da ake yi a can ya fi na littafin aji sauri da rai. Amma malamin harshe yana da wata cuta, ba ya iya sauraron magana bai duba yadda aka gina ta ba. Bayan na fassara irin waɗannan bidiyo masu yawa, sai na lura cewa kusan dukansu sifa ce a kan sifa. Sautin nan “mai ɗumi” ne, wancan “mai maiƙo”, wannan “yana numfashi”, wani kuma “kamar man shanu”. Da na ce wa wani yaro Bature ya ce muryar ampilin nan tana da ɗumi, sai ya tambaye ni ko ana nufin tana zafi in ta daɗe a kunne. Tambayarsa ta fi bayanin da nake fassarawa ma'ana, don ita ana iya auna ta da tafin hannu. Jimlar da na daɗe ina jira in fassara kuwa, “kada ka sayi wannan”, da wuya ta fito daga bakinsu.

Yadda abin yake tafiya ba asiri ba ne. Kamfani yakan aika wa mai bidiyo kaya tun kafin su fita kasuwa, wani lokaci aro, wani lokaci kyauta, wani lokaci har da kuɗin aiki. A ƙarƙashin bidiyon kuma akwai wata mahaɗa wadda in ka bi ta ka sayi kayan, shagon zai yanka wa mai bidiyon kasonsa. Ko da ba a ba shi ko dala ba, ya san cewa in ya kushe kayan bana, ba za a aiko masa da na baɗi ba, alhali kuwa abincinsa yana ga riga kowa nuna sabon abu. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. Hukumomin ƙasashensu sun san haka. Tun 2009 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ce wanda aka ba kuɗi ko kaya don ya yaba wani abu a intanet dole ne ya bayyana, kuma a ranar 9 ga Yuni 2023 Faransa ta kafa doka wadda ta tilasta wa irin waɗannan mutane su rubuta a fili cewa abin da ake kallo talla ce. To amma ɗan aji uku na kwaleji a Filinge, wanda yake kallon bidiyon a wayar yayansa, ba ya ganin ɗan rubutun nan da ke wucewa a kusurwa. In ma ya gan shi, bai san nauyinsa ba.

Akwai wani labari da ya faru a 2023 wanda nakan ba manyan ɗalibai, domin ya nuna cewa laifin ba na mai magana kaɗai ba ne. Masu gita suna amfani da wasu ƴan akwatuna da ake takawa da ƙafa don sauya muryarta, su ne ake kira fedal. Akwai wata mai suna Klon Centaur, wadda wani Ba'amurke, Bill Finnegan, ya soma ƙerawa da hannu a 1994. Kusan guda 8,000 ya yi, kuma yabo ya kai ta har ana sayar da tsohuwarta dubban daloli. A watan Maris na 2023, Josh Scott, mai kamfanin JHS, ya yi bidiyo yana gwada wata tsohuwar fedal mai arha, Bad Monkey ta kamfanin DigiTech, kusa da Klon da wasu masu tsada, ya nuna da ƙyar kunne zai bambanta su. Nufinsa mutane su gane cewa abin dala 50, wato wajen jika 30 na kuɗinmu, ya ishe su. Cikin ƴan kwanaki sai masu sayar da Bad Monkey suka koma neman ɗaruruwan daloli, wasu ma dubbai. An ce musu su amince da kunnensu, sai suka ruga sayen sunan da suka ji a bakin mai faɗar.

Kunnen gwanaye ma yana bin suna. A 2010, a birnin Indiyanafolis, masu bincike Claudia Fritz da Joseph Curtin suka tara makaɗa 21 na gogen Turawa, suka sa musu baƙin tabarau a ɗaki mai duhu-duhu, suka miƙa musu goge shida: uku sababbi, uku tsofaffi na Italiya, biyu daga cikinsu aikin Stradivari, wanda ya rasu a 1737 kuma ake sayar da gogensa miliyoyin daloli. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 sabo suka ɗauka, kuma wanda aka fi ƙi ɗaya ne daga cikin na Stradivari. Idan wanda ya riƙe goge a kafaɗarsa zai ruɗe haka, me za a ce da yaron da yake sauraron bambancin ampili biyu ta lasifikar salula wadda ba ta kai ƙwayar gujiya ba, bayan an riga an matse sautin don ya bi intanet?

Sai dai duk wannan bai dame ni ba kamar abin da ba a faɗi sam. Ka ɗauka mai bidiyon nan mutumin kirki ne, bai karɓi komai ba, iyakar gaskiyarsa ya faɗa. To, gaskiyar ɗaki ce mai sanyi a Liyon ko Landan, inda kuran ba ya yankewa. Masu ƙera gita suna cewa a ajiye ta inda laimar iska take wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Dallol Boso, lokacin hunturu, laimar takan sauka ƙasa da kashi 20, sa'an nan bazara ta zo da zafin da ya wuce digiri 40. Katakon wuyan gita yana ƙanƙancewa, ƴan ƙarafan da aka jera a kansa su fito ta gefe suna yankar yatsa. Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da katako har yaro ya kasa danna ta. A gita marar lantarki, mannin da ya riƙe gindin tsirkiyu yakan saki. Ƙura tana shiga maɓallan murɗa sauti su riƙa ƙarar ƙaiƙayi. Gumi yana cinye tsirkiya cikin makonni, wata kuwa sai an aika Yamai, tafiyar kilomita kusan 180. Ampilin da aka yaba don zaƙin muryarta, in kuran ya dawo da ƙarfi sau ɗaya, ta ƙone. Ban taɓa fassara bidiyon da ya ce ga yadda kayan nan suke bayan hunturu biyu ba, ko ya ce ga wadda za ta yi wasan biki a ƙauye da batirin mota.

Wannan ilimi kuwa muna da irinsa tun kafin gita ta zo. Mai goge a Kurfai, wanda yake kaɗa wa ƴan bori ko ƴan biki, ya san fatar guza da ke kan ƙwaryarsa tana saki da damina, sai an nuna mata rana ko wuta. Ya san izgar da za ta jure da wadda za ta tsinke a tsakiyar wasa. In ka tambaye shi gogen wane maƙeri ya fi, ba zai amsa da sifa ba, zai ce na wane ya shekara kaza a hannunsa. In ya yi maka ƙarya kuma, a bikin gaba za ku haɗu. Marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak a jihar Tawa, gitarsa ta fari da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Waƙoƙin da ya ɗauka a Sakkwato a 2008 daga salula zuwa salula suka bazu, tun kafin wani kamfani ya san da shi. Ban kawo su don in ce kaya ba su da muhimmanci ba, gama shi kansa Mdou da ya samu hali Fender ya riƙe. Na kawo su ne don yaranmu sun soma gaskata cewa abin da ya raba su da Bombino wani akwati ne da ba su da kuɗinsa, wasu har sun ajiye gitar da ke hannunsu suna jiran ranar da za su same shi.

A yi adalci, akwai bidiyon da na fassara da farin ciki. Su ne na masu gyara, waɗanda suke kwance gita su nuna yadda ake murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyanta don a miƙe shi, ko yadda ake liƙe wayar da ta saki a ramin fulogi. Irin wannan magana tana da abin da waccan ba ta da shi: yaro zai iya gwada ta a daren nan, in ƙarya ce gitar za ta tona.

Shekarar da ƙungiyarmu ta tara kuɗin sayen kayan kiɗa, da gudunmawar iyaye da ribar wasan kwaikwayo biyu, abin da muka samu jika 160 ne, kuma mun san ba za mu sake tara irinsu da wuri ba, tun da rashin tsaro ya rage bukukuwa da zirga-zirga a ƙasar nan. Yara suka zo da sunan wata ampili a rubuce, wadda wani mai bidiyo ya rantse da ita, suna so a ba wani ɗan kasuwa saƙonta daga waje. Cinikin biri a sama ke nan. Muka ɗauki takardar muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda ya yi wa wata ƙungiyar makaɗa aiki tun zamanin samariya. Ya duba sunan, ya ce bai san ta ba, ba zai yabe ta ba kuma ba zai kushe ta ba. Sa'an nan ya tambayi yaran: “Ƴaƴana, in ta mutu wa zai buɗe ta? Tana cin pil ko sai kuran? In fis ɗinta ya ƙone, akwai irinsa a garin nan?” Babu wanda ya iya amsawa. Ya shiga ciki ya jawo gawarwakin ampili uku daga ƙarƙashin tebur, ya nuna musu abin da ya kashe kowacce. Daga baya ya haɗa mu da wani tsohon abokin aikinsa a Yamai, muka sayi gita ta hannu da ƙaramar ampili mai aiki da pil, ya karɓi jika biyar na wahalarsa a gaban kowa, ya ce in ta ba da matsala kafin damina a dawo masa da ita. Sau ɗaya muka koma, ya sauya wani maɓalli bai karɓi komai ba.

Abin da nake so in ajiye a gaban ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu shi ne, abin da dattijon nan ya sani ba a rubuce yake ba, da Hausa ko da Zabarmanci ko da Faransanci. Ƙasar da ta kafa gasar Ɗan Gurmu tun 1987, take da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, ta fitar da Mamar Kassey da Tal National da ƴan matan Illigadad, har yanzu ɗanta in zai sayi tsirkiya shawarar mutumin da bai taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba yake nema. A ajina na Hausa na soma ba da wani aiki: kowane ɗalibi ya sami makaɗi ko mai gyara a unguwarsu, ya tambaye shi kayan da yake aiki da su, shekarunsu nawa a hannunsa, me ya taɓa lalacewa, nawa aka gyara, ya rubuto shafi ɗaya, kuma na hana amfani da kalmar “kyau”. Shafi 23 ne a cikin kwalina yanzu. Biyu a kan gita suke, ɗaya a kan ampili, sauran duka goge ne da gurmi da kalangu.